Rautar da ta ƙi buɗe shafin saiti: amsa ga Malam mai tambaya

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce data na ƙare maka kamar ana ɗiba da bokiti, ka rubuta 192.168.1.1 a burauza shafin saitin rautarka (na'urar da ke ba ka Wi-Fi) ya ƙi buɗewa, har ka fara zargin an sa maka manhajar leƙen asiri. Kwantar da hankalinka tukuna.

Bara haka ta faru da ni a shago. Kwana biyu ina zargin yaran maƙwabta, ashe VPN, manhajar nan mai karkatar da intanet ɗinka ta wata hanya, na bari a kunne a wayata, ita ta tare hanya. Kashe ta, ka kashe datar layinka, ka tabbatar wayar tana kan Wi-Fi ɗin rautar. Sannan ba kowace rauta ke amsa wannan lambar ba. Na Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, TP-Link da dama 192.168.0.1. Juya ta ka duba takardar da ke manne a ƙasanta, ko a kwamfuta mai Windows ka buɗe cmd ka rubuta ipconfig, lambar da ke gaban Default Gateway ita ce ƙofarka.

Ɗan ramin reset ɗin nan kuwa, bar shi sai an rasa yadda za a yi. In ka danna shi da allura na kamar daƙiƙa 10, sunan Wi-Fi da fasawod duk za su koma na kamfani, wani lokacin har APN, wato saitin intanet na kamfanin layinka, sai ka sake sawa.

Batun katangar tsaron rauta, wato firewall, mutane na ɗora mata nauyin da ba nata ba. Maigadi ce a bakin zaure: baƙon da ba a gayyata ba take hanawa shiga, ɗan gida in zai fita ba ta tambayarsa. Manhajar leƙen asiri kuwa a cikin wayar take zaune, daga ciki take aika bayanai waje. Don haka wayar za ka bincika, musamman WhatsApp ɗin da aka yi wa kwaskwarima da manhajojin da ake turo maka ta Xender. Kunna Play Protect, mai binciken manhajoji da ke cikin Play Store, ya duba.

Da ka samu shiga, canza fasawod ɗin admin, wanda daban yake da na Wi-Fi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban rautoci da kyamarori ta hanyar gwada irin su admin/admin kawai, aka yi amfani da su aka durƙusar da Twitter da Netflix na sa'o'i a Amurka. Kashe WPS ma, wato hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi ba tare da rubuta fasawod ba.

Datar tawa fa? Da na buɗe jerin na'urorin da ke haɗe sai na ga wayoyi tara, mu huɗu ne a shagon. Yarona ne ke nuna wa abokansa QR ɗin Wi-Fi daga wayarsa. Duba naka jerin, in shafin ya sake ƙi, turo mana hoton bayan rautar, amma ka rufe fasawod da yatsa.