Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda: Shin Musaya Za Ta Riƙe Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, mu tara ne a gida. Maigidana yana noma dawa da wake a gonar gado, ni kuma ina kiwon kaji da awaki biyu. Kowace shekara kafin marka ta kankama rumbunmu ya ƙare, sai mu koma awo. Maƙwabciyata ta ce mu riƙa musaya, ta ba ni shinkafa in ba ta wake. Shin gida zai iya ciyar da kansa ta wannan hanya, kuma ya halatta?
Daga wata mai karatu, Malumfashi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Shawarar maƙwabciyarki mai kyau ce, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun zamanin kakanni, ayarin raƙuman Abzinawa ke kai gero garuruwan Bilma da Fachi da ke hamadar Nijar, su dawo da kantun gishiri da dabino, domin mutanen can suna da gishiri amma ba sa samun hatsin da zai ishe su. Haka kuma manomi kan bar wa Bafulatani kara da karmami bayan girbi, shanu su kwana a gonar su bar masa taki, kowa ya tashi da riba ba tare da ko sisi ya shiga tsakani ba. Ko a watan Fabrairun 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, na tsaya a wata kasuwar ƙauye ina kallon wata Bafulatana tana auna nono da ludayi, mai saye kuma tana juye mata gero a ƙwarya, babu wadda ta ambaci kuɗi a cikinsu.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, babu gidan da ke noma duk abin da yake ci. Gishiri da manja da maganin asibiti da kuɗin makaranta duk sai da kuɗi. Musaya tana rage yawan zuwa kasuwa ne, kuma tana hana ku yin asara sau biyu, wato ku sayar da wake da araha da kaka, sannan ku sayi shinkafa da tsada da damina.

Game da halacci, hadisin Ubada bin Samit da Muslim ya ruwaito ya ambaci zinariya da azurfa da alkama da sha'ir da dabino da gishiri, ya sharɗanta cewa idan jinsi ɗaya ne to a yi daidai wa daida kuma hannu da hannu, idan jinsi ya bambanta a yi yadda aka daidaita muddin hannu da hannu ne. Malaman mazhabar Malikiyya sun shigar da duk abincin da ake rayuwa a kansa kuma ake iya ajiyewa cikin wannan hukunci. Saboda haka kina iya ba da mudu uku na wake ki karɓi biyu na shinkafa, in dai a zama ɗaya aka yi. Amma ba za ki ba da mudu biyu na tsohuwar dawa ki karɓi ɗaya na sabuwa ba, domin irin wannan ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Bilal yi da dabino, ya umarce shi ya sayar da nasa sannan ya sayi mai kyan. Rance kuwa daban ne: mudu ɗaya aka ara, mudu ɗaya za a mayar. Ina ƙara ba ki shawara ku yi amfani da mudu guda, ku kuma dubi farashin ranar kasuwa kafin ku auna, domin ƙananan ƙorafe-ƙorafe irin na awo sun sha raba maƙwabta.

Sai dai abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ƙarewar rumbu kafin marka, domin wanda ba shi da ajiya ba shi da abin musaya. Da kaka, kafin a taɓa ko dami ɗaya don biki ko biyan bashi, ki zauna da maigida ku lissafa mudu nawa kuke ci a rana, ku ninka har zuwa sabon girbi, ku keɓe wannan. Waken kuma a shanya shi ya bushe sarai, a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ƙwari za su mutu ba tare da an barbaɗa magani ba. Ki dasa zogale biyu a jikin katanga, ki shuka yakuwa da kuɓewa a tsofaffin buhuna da takin awakinki, ki kuma yi kauɗar tumatir a lokacin da ya yi araha. Ƙwai da busasshiyar kuɓewa ma abin musaya ne, kuma su ne za ki samu a hannu a watan Agusta, lokacin da dawa ba ta nuna ba.