Wace lamba ake sa wa farar hula da makamin nukiliya ya jikkata?

Ɗan'uwa, ka tambayi lambar da ma'aikacin asibiti zai rubuta. A ICD-10, kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, Y36.5 ce, amma sanadi kawai take nunawa. Ciwon kansa ake fara rubutawa: ƙuna, karaya, ko T66 idan tururin nukiliya ne ya kwantar da mutum. Amurka ta ƙara rarrabewa: Y36.531 farar hula ne da zafin bam ya ƙona.

Kada a raina wannan rubutu. A Hiroshima, bayan an jefa bam ɗin nukiliya a 1945, sankarar jini ta riƙa bayyana shekaru bayan ƙunar ta warke, sai a 1957 Japan ta kafa dokar kula da lafiyar waɗanda suka tsira daga bam ɗin. Ana bin ƙwayoyin jinin majiyyaci tun ranar farko, kuma saboda irin wannan sankara ake ci gaba da duba shi har tsufa.