Dashen Ƙwayoyin Halitta a Zuciya: Tukunyar Oksijin Za Ta Raya Su?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya samu bugun zuciya wata 8 da suka wuce a nan Makka, an ce ƙarfin zuciyarsa ya koma kashi 30. Wani dillali ya ce mu fita da shi waje a yi masa ƙarin ruwa na ƙwayoyin halitta na asali kan riyal dubu 40, in mun dawo mu ajiye tukunyar oksijin a gida don ƙwayoyin su kama, sai ya bar shan magani. Ko barci ba na iya yi.
Wata 'yar'uwa, Shara Mansur.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Kafin komai, kada ya tsallake maganinsa ko na yini ɗaya.

Bugun zuciya mai tsanani yana iya kashe ƙwayoyin tsoka kusan biliyan 1, tabo ya maye gurbinsu, ita kuwa zuciyar baligi abin da take sabuntawa a shekara bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Shi ya sa masana suke ta neman hanyar dashen ƙwayoyin halitta na asali, wato waɗanda ke iya rikiɗa su zama wasu irin ƙwayoyin jiki. Sai dai wurin da ake son dasa ƙwayoyin fako ne. A ɗakin gwaji ana renonsu cikin iska mai oksijin kashi 20, sannan a kai su tabon da oksijin ɗinsa ke iya gaza kashi 1, ba sukarin da za su ci, ga kumburi, ga zuciya tana matsa tana fatattakar su. Fiye da kashi 90 sukan mutu ko su ɓace cikin kwanakin farko, ko da an yi allurar cikin tsokar zuciya kai tsaye. Waɗanda aka saka ta ƙarin ruwa kuwa yawancinsu a huhu suke maƙalewa.

Zancen tukunyar oksijin ne ya fi ƙona min rai, don kusan kullum sai na ji shi a asibiti nan Jidda. Jinin Baba, muddin huhunsa lafiya lau, ya riga ya cika da oksijin, kashi 95 zuwa sama. Matsalar ita ce hanyar da jinin zai bi ta toshe. In bututun gida ya toshe, ƙara ruwa a tanki zai sa famfo ya kawo? Oksijin ba ya ratsa nama fiye da kashi ɗaya cikin biyar na milimita daga ƙaramar jijiya, duk ƙwayar da ta yi nisa fiye da haka yunwa da shaƙewa za su kashe ta, ko tukunya goma aka jera a ɗaki. Na sha ganin dattijo an ɗaura masa robar hanci, iyalai hankalinsu ya kwanta, an ajiye magungunan gaskiya, sai an kawo shi ƙafafu a kumbure huhu cike da ruwa. Wallahi abin da ciwo. Mai sayar da tukunyar da dillalin sun riga sun karɓi kuɗinsu.

Abin da masu bincike suke yi ma akasin maganar dillalin ne. Suna ajiye ƙwayoyin cikin ƙarancin oksijin kamar yini guda kafin dashe, don wani furotin mai suna HIF-1 ya farka ya horar da su jure wahala, ya sa su fitar da sinadarin da ke tsirar da sababbin jijiyoyi. Gano wannan tsari ne ya sa Semenza da Ratcliffe da Kaelin suka samu kyautar Nobel a 2019. Dabarar ta yi amfani a ɓeraye, amma ba ta zama magani ga mutane ba tukuna. A Jami'ar Osaka ta Japan an manna faifan ƙwayoyi a jikin zuciyar mutum a 2020, shi ma a matsayin gwaji. A 2018 kuwa Jami'ar Harvard ta nemi a janye takardu 31 na ɗakin binciken Piero Anversa a wannan fanni saboda bayanan ƙarya.

Ku koma wurin likitan zuciyarsa da duk magungunan a leda, ku tambaye shi ko akwai jijiyar da za a iya buɗewa, da ko Baba na buƙatar na'urar daidaita bugun zuciya, tunda ƙarfin ya yi ƙasa da kashi 35. A rage masa gishiri, a riƙa auna nauyinsa kowace safiya. In ƙirji ya riƙe ko numfashi ya sarƙe, ku kira motar asibiti a lambar 997 nan take, kada ku tsaya kunna tukunya.