Ko shiga hukumar makarantar Katolika zai samo wa ɗana gurbi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Manchester, 'yata tana wata sakandaren Katolika. An aiko wa iyaye takarda ana neman wanda zai shiga hukumar gudanar da makarantar. Ni Musulma ce, za su karɓe ni kuwa? Wata ƙawata ta ce in na shiga, ƙanen yarinyar zai samu gurbi baɗi ba wahala. Wannan ne ya fi damuna, don makarantar kullum a cike take.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kujerar iyaye ba ta da sharaɗin addini. Iyayen yara ne ke zaɓe, sai kuma a bincika a tabbatar ba ki da laifin da zai hana ki kusantar yara. Wa'adin yawanci shekara 4 ne, babu albashi, ana zama aƙalla sau 3 a shekara.

Amma ki san inda za ki zauna. A irin makarantun coci da gwamnatin Ingila ke ɗaukar nauyinsu bisa tsarin dokar ilimi ta 1944, ƙa'idar 2012 ta ce a samu iyaye aƙalla 2, shugaban makaranta, ma'aikaci 1 da wakilin ƙaramar hukuma 1. Sai mutanen da bishop ya naɗa, kuma dole su fi duk sauran yawa da mutum 2. Rinjaye nasu ne, aikinsu kuwa su tabbatar makarantar ba ta bar tafarkin Katolika ba. Hukumar ce ke ɗaukar malamai aiki, ta sa ido kan kuɗi, ta tambayi shugaban makaranta ba'asin sakamakon jarrabawa, ta nemo kashi 10 cikin 100 na kuɗin manyan gine-gine. In makarantar ta koma akadami, wato wadda ta fita daga ƙarƙashin ƙaramar hukuma ta koma hannun ƙungiyar amintattu, mafi yawan ikon nan yana hannun amintattun nan da ke sama, don haka ki tambaya tukuna.

Yanzu ga maganar ƙawarki, wadda na gaji da ji. Ba haka ba ne, ko kusa. Mun taso da tunanin cewa in kana da hanya ka gama, sai muka ɗauko shi har nan. Hukumar tana rubuta ƙa'idar ɗaukar ɗalibai, ta wallafa ta, daga nan ita kanta ta ɗaure. In masu nema sun fi gurabe yawa, jeri ake bi: yaran da ƙaramar hukuma ke riƙo da 'yan Katolika masu shaidar baftisma suna gaba, sauran su biyo. Ban taɓa ganin jerin da aka rubuta "ɗan mamba" a ciki ba. Ranar da za a taɓa abin da ya shafi ɗanki ma, wajibi ne ki faɗa, ki tashi ki bar ɗakin. Kin ga kujerar ta zama ƙaiƙayi koma kan masheƙiya.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne 'yan "bari in yi miki hanya" na zaurukan WhatsApp. Wannan ya ce ya san wani a hukuma, wancan ya ce a ari adireshin ɗan'uwa, wani har takardar baftisma ta bogi zai kawo wa gidan Musulmi, don Allah ki ji! Makarantu suna bincike. Doka ta ba su damar janye gurbin da aka samu da ƙarya, ko da yaro ya ɗinka yunifom ya fara zuwa. Ɗan hanyar ya ci kuɗinsa ya kashe waya, yaro ne zai sha kunya.

Abin da zai taimake ki yana cikin takardar ƙa'idar makarantar. Da yawa suna fifita wanda yayarsa ko yayansa ke ciki, ki duba ko taku haka take. Ki cika fom ɗin ƙaramar hukuma kar ya wuce 31 ga Oktoba, ki haɗa da ƙarin fom ɗin da makarantar ke nema, wanda iyaye da yawa ke mantawa. Sakamako 1 ga Maris ne. In bai samu ba, kina da aƙalla kwanakin makaranta 20 ki ɗaukaka ƙara gaban kwamiti mai zaman kansa, wanda ba a yarda ɗan hukumar makarantar ya zauna a cikinsa ba.