An yi gwajin maleriya babu, amma zazzabin ya ƙi sauka

Tambaya: Salam likita, yarona ɗan shekara 14 yau kwana 3 yana zazzabi mai zafi, kai na sara masa, bayan idonsa da gaɓoɓinsa ciwo kamar an yi masa duka. Sau biyu ana gwajin maleriya babu. Maƙwabciyata ta ce sauro na kawo wani ciwon daban, da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Maƙwabciyarki ta yi gaskiya, kuma abin da kika zayyana ya yi kama da zazzabin dengi, amma sai an gwada jininsa a asibiti za a tabbatar. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, shi ya sa ko kwali nawa na maganin maleriya ya shanye ba zai taɓa ta ba. Kuma ba ciwon nesa ba ne, a 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da ɓullarsa a Sakkwato, a shekarar kuma ya ɓarke a Abeche ta Chadi da Burkina Faso.

Sauron ma daban ne, Aedes ake ce masa, baƙi mai ɗigon fari a ƙafa, da rana yake cizo musamman da safe da wajen la'asar, kuma a ruwa mai kyau yake ƙwai, randa, durom, tsohuwar taya, gwangwanin da ruwan sama ya taru ciki. Shi ne dai ke yaɗa cutar shawara, ita tana da rigakafin da ake yi wa yara a wata 9.

Abin da ya fi damuna shi ne kemis. Don Allah kar a ba shi ibuprofen ko aspirin ko diclofenac, suna iya jawo zubar jini, farasitamol kawai, sai ruwa da yawa, ruwan gishiri da sukari (ORS), kunu, romo. Sannan ki sa ido sosai lokacin da zazzabin ya fara sauka, tsakanin kwana na 3 zuwa na 7, nan ne iyaye ke sakin jiki su ce ai ya warke alhali nan haɗarin yake. In kika ga ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, haɓo, jini a dasashi, baƙin kashi, ko jikinsa ya saki hannuwa sun yi sanyi, ko tsakar dare ne ku tafi asibiti.

Yanzu dai ku kai shi yau, ki ce a duba dengi, ko barcin rana zai yi ya shiga gidan sauro don kar sauro ya ɗauka daga jikinsa ya kai wa ƙannensa.