Inshorar da doka ta wajabta wa mai tirelar kansa a Amurka

Tambaya: Na shekara shida ina tuƙa wa wani kamfani tirela a Amurka, yanzu Allah ya hore mini na sayi tawa. Wace inshora doka ta ɗora mini kafin na fara ɗaukar kaya?

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka a cikin motar. Amsar ta rataya ne a kan ko da izinin wa za ka riƙa ɗaukar kaya.

Idan da izinin kanka ne, hukumar FMCSA, wato hukumar tarayya mai kula da manyan motocin jigila, ba za ta sahale maka jigila tsakanin jihohi ba sai kamfanin inshorarka ya shigar mata da fom BMC-91 ko BMC-91X, wato takardar shaidar cewa kana da inshora. Mafi ƙarancin kuɗin da doka ta ce dole inshorar ta zama tana iya biyan wanda motarka ta ji wa rauni ko ta ɓata wa dukiya shi ne dala 750,000, muddin nauyin motar da kayanta ya kai fam 10,001. Mai dakon man fetur dala miliyan 1 ne, wasu kayan masu haɗari kuma dala miliyan 5. Wannan dala 750,000 ta samo asali ne daga dokar 1980, alhali kuɗin asibiti ya ninka tun lokacin, shi ya sa yawancin dillalan kaya ba sa sauraron wanda inshorarsa ba ta kai dala miliyan 1 ba. Ni ma ita nake ba ka shawara ka saya.

Akwai takardar MCS-90 da ake haɗawa da inshorar, wadda direbobi da yawa suke ɗauka garkuwarsu ce. Jama'a take karewa. Idan ka yi hatsarin da inshorarka ba ta ƙunsa ba, kamfanin inshorar zai biya wanda aka cutar, sannan ya juyo ya nemi kuɗinsa a hannunka.

Idan kuwa jingina motar za ka yi ga wani kamfani ka yi aiki da izininsa, nauyin wannan inshora a wuyansa yake, kuma dole yarjejeniyarku ta bayyana nawa zai riƙa cirewa daga kuɗinka idan kai za ka biya. Sai dai a nan ne nake jin tsoro dominka: ranar Lahadi ka cire bodi, ka ɗauki kan motar zuwa kanti, ka daki motar wani a mahaɗar titi, kamfanin zai iya cewa ba aikinsa kake yi ba. Don haka ka sayi inshorar zirga-zirgar da ba ta aiki ba, wadda direbobi kan kira bobtel, ka kuma tambaya a rubuce ko ta ƙunshi tafiyarka gida bayan sauke kaya, domin a kan wannan ake yawan jayayya.

Duk waɗannan ba sa gyara taka motar idan ta lalace. Ta gyaran motarka inshora ce daban, kuma wanda ya ba ka bashin sayen motar zai buƙace ta. Kafin ka sa hannu, ka kai yarjejeniyar ga lauya a jiharka ya karanta.