Hukuncin Mayar da Ragowar Abinci Makamashi

Tambaya: Malam, ina aiki inda ake tara ragowar abinci, a zuba masa sinadarin inzayim ya narke, a samu iskar gas ko itanol, wato barasa, na zubawa a injin. Wani lokaci akwai mushe a cikin sharar. Albashina halal ne?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Asalin abubuwa halacci ne, saboda aya ta 29 a Suratul Baƙara, inda Allah Ya ce Shi Ya halitta mana abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya. Inzayim ba baƙon abu ba ne: amilas da ke mayar da sitaci sukari yana cikin yawunka, shi ya sa lomar da ka daɗe kana taunawa take yin zaƙi. Yawancin na masana'antu daga fumfuna da bakteriya ake samunsa. Na kayan cikin alade, a guje shi tunda akwai madadi.

Batun najasa ne ke buƙatar tsayawa. Malikiyya sun bambanta abin da najasa ta faɗa masa da abin da shi kansa najasa ne. Risala ta halatta kunna fitila da man da ɓera ya mutu a ciki, ban da a masallaci. Kitsen mushe kuwa, hadisin Jabir a Bukhari da Muslim ya yi tsanani a kansa. Sharar abinci tana cikin kashi na farko. Gas ɗin ma ya sauya suna da siffa, wato istihala, kamar giyar da ta koma khal da kanta. Duk da haka, in za ka iya tsame mushen, tsame shi.

Itanol ya halatta a ra'ayin da na fi natsuwa da shi, matuƙar don injin aka yi shi, ana kuma gauraya shi da abin da ke hana sha. La'anar da ta zo a hadisi game da giya tana kan mai matsa ta don masu sha.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ka tambaya ba. Annabi (SAW) ya ce idan loma ta faɗi a share ƙazantar a ci, kada a bar wa Shaiɗan. Abincin da mutum ko dabba za su iya ci, su ne a gaba; tankin narkar da shara sai wanda ya lalace. Idan ka ga ana juye mai kyau don a cika ma'auni, ka yi magana.

Albashinka halal ne. Wallahu a'alam.